Daga Landan zuwa Yamai: salsalar ƙwayar cutar da ke bin gadajen asibiti

Tsakanin Janairun 2007 da Maris na 2008, masu bincike na cibiyoyin da ke haɗin gwiwa da Pasteur sun tattara ƙwayoyin cuta daga jikin marasa lafiya a birane 5 na Afirka: Yamai, Dakar, Yawunde, Kasablanka da Antananaribo. Suna neman wani nau'in ƙwayar sitafilokok ne da ya daina jin magungunan da aka saba kashe shi da su. Sun samu 86. Da suka binciki asalinsu, sai suka tarar 76 daga ciki, wato kashi 88 cikin 100, ƴan gida 3 ne kacal, duk da dubban kilomitocin da suka raba waɗannan birane.

A takardun ɗakunan gwaje-gwaje na Nijar ana rubuta sunan wannan ƙwaya SARM, ƙasashe masu amfani da Ingilishi kuma suna ce mata MRSA. Wani babban nazari da mujallar Lancet ta wallafa a 2022 ya ƙiyasta cewa ita kaɗai ta kashe mutane fiye da 100,000 a duniya a 2019. Nazarin ya kuma nuna cewa yammacin Afirka ne ke kan gaba wajen mace-macen da bijirewar ƙwayoyin cuta ga magani ke haddasawa, da mutum 27 cikin kowane 100,000. Mutane da dama suna ɗauka cewa ƙwayar tana koyon jure magani ne a jikin kowane majinyaci daban. Binciken asalinta ya nuna wani abu dabam: yawancin lokaci gadon taurin kan take yi daga kakanninta, sannan hannu ya ɗauke ta daga wani gado zuwa wani.

Baƙuwar da ke zaune a hanci

Sitafilokok ba baƙuwa ba ce ga kowa, ko da bai san sunanta ba. Ita ce ke kawo maruru da yawancin ƙurajen da ke tara mugunya, ita ce sau da yawa ke sa nonon mai jego ya kumbura ya yi ruwa. Wani likitan tiyata ɗan Sikotland, Alexander Ogston, ya gan ta a cikin mugunya a 1880, a cure kamar nonon inabi. A 1884 aka raɗa wa nau'in da ya fi cutarwa suna Staphylococcus aureus, saboda launinta mai kama da zinariya idan aka rene ta a faranti.

Kusan mutum 1 cikin 3 yana ɗauke da ita a hanci ko a fata, lafiyarsa ƙalau. Matsala tana farawa ne idan ta samu ƙofa: yankan tiyata, ƙunar wuta, cibiyar jariri, ko wurin da aka soka robar ƙarin ruwa. Daga nan tana iya shiga jini, ta sauka a ƙashi, a huhu ko a zuciya. Shi ya sa asibiti ya zama gidanta, don a can ne masu irin waɗannan ƙofofi suke kwance kusa da juna.

A kan farantin sitafilokok ne Alexander Fleming ya gano fenisilin a Landan a 1928. Da maganin ya wadata a shekarun 1940, ciwon da a da yake kai mutum kabari ya koma na ƴan kwanaki. Murnar ba ta daɗe ba. Wasu ƙwayoyin suna da sinadarin da ke farfasa fenisilin, kuma kafin ƙarshen shekarun 1950 su ne suka cika asibitoci. Sai aka fito da metisilin a 1959, wanda wancan sinadari ba ya iya farfasawa. A 1961 wata mai bincike, Patricia Jevons, ta ba da rahoton cewa cikin ƙwayoyi fiye da 5,000 da ta gwada, 3 ba sa jin sabon maganin, kuma dukansu daga asibiti ɗaya suka fito a kudancin Ingila.

An shafe fiye da shekara 50 ana ganin metisilin ne ya haifar da su. A 2017 wasu masu bincike suka karanta kundin gadon tsofaffin ƙwayoyin da aka adana tun wancan zamani, suka gano cewa kakarsu ta samu kariyar tun tsakiyar shekarun 1940, kimanin shekara 14 kafin a fara ba kowa metisilin. Yawan amfani da fenisilin ne ya rene ta. Sabon maganin ya zo ya tarar da abokiyar gabarsa tana jira.

Kariyar kanta wata ƙwayar gado ce da ake kira mecA. Fenisilin da danginsa suna kashe bakteriya ne ta hanyar toshe abin da take gina bangon jikinta da shi. Wadda ke da mecA tana da magini na biyu da maganin ba ya iya kamawa, sai ta ci gaba da gininta. Wannan ƙwayar gado tana cikin wani ƙunshi ne da ake kira SCCmec, wanda sitafilokok ke iya karɓa daga wata bakteriya ta liƙa a nata kundin. Da zarar ya shiga, duk ƴaƴanta da jikokinta sun gada. Abin da hakan ke nufi a bakin gado shi ne amoksisilin, kuloksasilin da seftiriyakson, waɗanda su ne kan gaba a kantunan maganinmu, duk ba za su yi aiki ba.

Akwai wata ƴar'uwar mecA da ake kira mecC, wadda labarinta ya fi ban mamaki. Binciken da mujallar Nature ta wallafa a 2022 ya nuna ta bayyana a jikin bushiyar Turai tun ƙarni na 19, saboda wani naman gwari da ke zaune a fatar bushiyar yana fitar da sinadarai dangin fenisilin. Kada dai a ɗora wa bushiya laifi: kason da wannan nau'i ke da shi a cututtukan mutane ƙanƙani ne ƙwarai.

Tsaga da salsala

Hanyar da aka fi amfani da ita wajen rarrabe gidajen sitafilokok ta fito ne a 2000. Ana karanta ƙwayoyin gado 7, a ba kowane haɗi lamba da ke farawa da ST. Lambobin da suka yi kusa da juna ana tara su a babban gida ɗaya mai lambar CC. A 2002 aka nuna cewa manyan zuri'o'in SARM da suka addabi asibitocin duniya sun fito ne daga gidaje 5: CC5, CC8, CC22, CC30 da CC45.

Lambar ST tana kama da tsagar fuska. Tana iya nuna cewa wannan Bagobiri ne, wancan Bakatsine, amma ba za ta faɗi wa ya haifi wa ba. Wanda ke son salsala sai ya karanta kundin gadon gaba ɗaya, wanda ke da haruffa kusan miliyan 2.8. Abin da masu bincike na cibiyar Sanger ta Ingila suka yi ke nan a 2010 da ƙwayoyi 63 na zuri'ar ST239, da aka tattaro daga nahiyoyi daban-daban. Sun gano cewa harafi 1 yana sauyawa kusan kowane mako 6. Wannan ya zama agogo: idan ƙwayoyi 2 sun bambanta da haruffa kaɗan, ba su daɗe da rabuwa ba, idan da ɗaruruwa ne, an yi shekaru.

Da wannan agogo aka ga cewa ST239 da ta bazu a asibitocin Fotugal a shekarun 1990 dangin ta Kudancin Amurka ce, wadda kuma ta ɓarke a sashen kula da masu tsananin ciwo na wani asibitin Landan tana da asali a kudu maso gabashin Asiya. Cikin 63 ɗin, 20 daga asibiti ɗaya suka fito a arewa maso gabashin Tailan, cikin wata 7. A ido duk iri ɗaya ne. Kundin ya nuna 5 daga cikinsu kusan kwafin juna ne, daga majinyatan da suka kwanta a sassa maƙwabta, alamar yaɗuwa ce a cikin asibitin. Sauran sun yi nesa da juna, abin da ke nuna an sha shigowa da ƙwayar daga waje.

Su ma zuri'o'in suna hawa suna sauka kamar gidajen sarauta. ST239 tana ɗauke da babban ƙunshi mai kariya daga magunguna da yawa, amma nauyin kayan yana rage mata sauri. ST22, wadda Turawan Ingila ke kira EMRSA-15, tana da ƙaramin ƙunshi. Ta taso a tsakiyar Ingila a shekarun 1980, ta samu kariya daga dangin sifurofuloksasin daidai lokacin da aka fara amfani da su sosai, ta mamaye asibitocin Birtaniya, daga baya ta ture wasu tsofaffin zuri'o'i a ƙasashe irin su Fotugal. Ba kowace zuri'a ce matafiyiya ba kuma. Wani bincike na 2008 kan ST5 ya nuna wannan gida ya karɓi ƙunshin SCCmec aƙalla sau 23 a wurare daban-daban. Wato wata SARM ɗin shigo da ita ake yi, wata kuma a gida ake haifarta, idan ƙwayar da ke jin magani ta gamu da ƙunshin a wurin da ake ambaliyar antibiyotik.

Jarirai 12 da hanci ɗaya

Misalin da ya fi nuna amfanin wannan aiki ya faru ne a 2011 a sashen jarirai marasa lafiya na asibitin haihuwa na Rosie da ke Kambirij, a Ingila. Cikin wata 6 ma'aikatan hana yaɗuwar cuta suka samu jarirai 12 ɗauke da SARM. Sun yi zargin annoba ce, amma akwai tazarar makonni tsakanin wasu daga cikinsu, don haka babu tabbas ko ƙwaya ɗaya ce ke zagayawa ko kuwa kowane jariri da tasa ya zo.

Da aka karanta kundin, sai aka ga wata sabuwar zuri'a ce, ƴar'uwar ST22, aka ba ta lamba ST2371. Aka faɗaɗa bincike zuwa wasu ƙwayoyin da aka adana, adadin masu alaƙa da ita ya kai 26. Ta bi jarirai, ta bi mata masu jego a ɗakin da ke kusa, ta bi su har gida, inda wasu iyaye suka yi fama da ƙuraje masu mugunya.

An wanke sashen ciki da waje, aka ɗauka an gama. Kwana 64 bayan fitar majinyacin ƙarshe da ke ɗauke da ita, sai ga wani jariri da SARM. Cikin kwanaki kaɗan kundin ya nuna ita ce dai. Tunda babu majinyacin da ya rage da ita a sashen, tilas wani mai lafiya ne yake riƙe da ita. Aka gwada ma'aikata 154, aka samu mutum 1 yana ɗauke da wannan zuri'a. An dakatar da shi daga aiki na ɗan lokaci, aka yi masa maganin raba shi da ita, annobar ta tsaya. Masu binciken ba su ce shi ne ya fara kawo ta ba, mai yiwuwa daga wani jariri ya ɗauka. Abin da ya tabbata shi ne wankin bango da gadaje bai isa ba muddin ƙwayar tana da mafaka a jikin mutum. Maganin da aka saba bayarwa a irin wannan hali mai sauƙi ne: man shafawa na mufirosin a hanci da wanka da kuloheksidin na kwana 5.

Gidajen da ke Afirka

A binciken biranen 5 da Yamai ke ciki, gidan da ya fi yawa shi ne ST239 da ƴar'uwarta ST241, da kashi 40 cikin 100. Wannan ita ce dai matafiyiyar Tailan da Fotugal. Sai ST88 da kashi 28, sannan ST5 da kashi 21. ST88 ba ta da yawa a wasu nahiyoyin, amma an sha samunta a Afirka, har a Gana ta zama kan gaba, shi ya sa wasu masana ke kiranta zuri'ar Afirka. Ƙwayoyi 86 daga birane 5 ba ƙidayar ƙasa ba ce, hoto ne na wani lokaci a manyan asibitoci. Duk da haka hoton ya nuna cewa a kowane birni zuri'a 1 ko 2 ce ke riƙe da fili, kamar yadda ake gani inda yaɗuwa daga mutum zuwa mutum ce ke tafiyar da al'amarin.

Masu binciken sun kuma duba sitafilokok ɗin da har yanzu ke jin magani, a nan ne suka ga abin da ya fi tayar musu da hankali. Cikin 228 da suka tantance, kashi 57 cikin 100 suna da wata guba da ake kira PVL, wadda ke kashe fararen ƙwayoyin jini, tana kawo manyan ƙuraje masu dawowa, wani lokaci da ciwon huhu mai saurin kisa. A Turai kaso kaɗan ne na irin waɗannan ƙwayoyi ke da ita. Wani bincike a Bamako a 2008 ya samu cewa kusan kashi 1 cikin 4 na sitafilokok ɗin da mutane ke ɗauke da shi a hanci ƴan gidan ST152 ne, masu wannan guba. A 2009 kuma, binciken ƙwayoyi 96 daga asibitocin arewa maso gabashin Najeriya ya samu ST152 mai guba da ST241 mai taurin kai suna zaune a wuri ɗaya. Gargaɗin masu binciken shi ne kada mai guba ta karɓi ƙunshin kariya.

Hakan ya taɓa faruwa. ST80, wadda ta zama babbar SARM ta cikin gari a Turai, Arewacin Afirka da Gabas ta Tsakiya, binciken 2014 ya nuna kakarta wata sitafilokok ce mai PVL daga Afirka kudu da Sahara, mai jin magani, wadda ta samu ƙunshin a shekarun 1980. Ga yankin da majinyata ke kai da komo tsakanin Maraɗi da Katsina, Damagaram da Kano, Difa da Maiduguri, abin da aka gani a asibitin wancan gefen iyaka labarin wannan gefen ne.

Inda take samun hanya

Babbar hanyar SARM a asibiti ita ce hannu. Ma'aikacin jinya ya wanke ciwon wani, ya juya ya gyara robar ƙarin ruwan wani. Tana kuma iya rayuwa makonni a busasshen wuri, a ƙarfen gado, katifa, abin awon zafin jiki ko wayar salula. A asibitocinmu akwai ƙarin hannaye, domin ƴan'uwa masu jinya su ne ke wanke majinyaci, su ba shi abinci, su taimaki maƙwabcin gado, a yi aron kofi da buta. Lokacin da zazzabin cizon sauro da tamowa suka haɗu a ƙarshen damina, ba abin mamaki ba ne a ga yara fiye da 1 a gado ɗaya. OMS ta ƙiyasta a 2022 cewa cikin majinyata 100 da aka kwantar, 15 suna kamuwa da wata cuta a asibitin a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi, 7 a ƙasashe masu arziki.

Maraɗi tana da nata shaidar kan saurin irin wannan yaɗuwa, kodayake kan wasu bakteriya ne na hanji, ba sitafilokok ba. Binciken da aka wallafa a 2011 kan yara 55 masu tsananin tamowa a wata cibiyar jinya ya samu kashi 31 cikin 100 sun shigo ɗauke da ƙwayoyi masu bijire wa magani. Cikin waɗanda suka shigo babu, aka kuma sake gwada su lokacin sallama, kashi 94 sun fita da su.

A wajen asibiti kuma akwai mai tallar magani a tire ko a bayan keke, da ke sayar da kafso 2 ko 3 gwargwadon kuɗin mutum. Fleming da kansa ya yi gargaɗi a 1945, lokacin karɓar kyautar Nobel, kan shan maganin da bai kai ƙima ba. Duk antibiyotik da aka sha babu dalili yana kashe ƙwayoyin da ke jin magani, ya bar wa masu taurin kai fili. Shi kuwa maruru da ya nuna, babban maganinsa shi ne ma'aikacin lafiya ya tsaga shi ya fitar da mugunyar. Idan SARM ta shiga jini, sai an koma ga irin su bankomisin, da ake bayarwa ta jijiya tare da sa ido kan ƙoda, ga tsada, ga wuyar samu a wajen manyan birane.

Gano cewa SARM ce ba ya buƙatar na'urar karanta kundin gado. A rene ƙwayar a faranti, a ɗora ɗan faifan takarda mai maganin sefoksitin, cikin kwana 2 zuwa 3 an san amsa. Inda ba a yin wannan gwaji, likita yana canza magani ne bisa hasashe, iyali suna sayen takardar magani bayan takarda, kuma babu wanda zai lura cewa mata 4 da aka yi wa tiyatar haihuwa a mako ɗaya ƙwaya ɗaya ce ta hana ɗinkinsu warkewa.

Ingila ta wajabta wa asibitoci kai rahoton duk SARM da aka samu a jini tun 2001. A shekarar 2003 zuwa 2004 adadin ya kai kusan 7,700. Bayan kamfen ɗin wanke hannu, gwajin majinyata lokacin kwantarwa, keɓe masu ɗauke da ita da kula da robobin jijiya, ya sauko ƙasa da 1,000 a shekara cikin kimanin shekara 10. Babu sabon maganin da ya yi wannan aiki. A babban asibitin Janiba, tsakanin 1994 da 1997, ayarin Didier Pittet ya raba wa ma'aikata ƙananan kwalaben ruwan goge hannu mai alkol. Tsabtace hannu a lokacin da ya dace ya tashi daga kashi 48 zuwa 66 cikin 100, yaɗuwar SARM ta ragu da fiye da rabi.

An gwada wannan tsari a asibitin Point G na Bamako, inda masu harhaɗa magani na asibitin suka riƙa haɗa ruwan da kansu bisa tsarin OMS: alkol mai ƙarfin kashi 80 cikin 100, ɗan giliserin don kada hannu ya bushe, da ɗan ruwan oksijine. Ba ya buƙatar famfo, cikin daƙiƙa 20 zuwa 30 an gama. Kafin a fara, ma'aikata suna tsabtace hannu sau 8 ne cikin kowane 100 da ya kamata. Bayan shirin ya kai kusan 22, wato har a lokacin sau 78 cikin 100 hannu yana isa ga majinyaci na gaba ba a goge shi ba.